Talla Ta Koma Cikin Waya: Abin Da Ya Kamata Matasan Lafagu Da Bakin Iyaka Su Sani

A da, mai son tallata hajarsa a Lafagu ko Gante sai ya jira ranar kasuwa, ko ya nemi mai shela, in kuma yana da ƙarfi ya kai sanarwa gidan rediyo a Birnin Kebbi. Yanzu matashi yana tsaye a bakin fadama zai ɗauki hoton buhunan shinkafa ko albasa ya ɗora a WhatsApp, kafin la'asar wani ya kira shi daga Kamba ko Jega. Sai dai sauƙin ɗora talla bai sa ciniki ya zama tabbas ba. Da yawa suna ƙona data da kuɗi ba tare da sun sayar da komai ba, saboda suna kwaikwayon salon da aka tsara don Legas da Abuja.

Ƙaramar hukumar Bagudo tana da nata yanayin. Tana iyaka da Jamhuriyar Benin ta wajen Lolo da Tsamiya, ana jin Hausa da Fulatanci da Zabarmanci, ana ciniki da naira da sefa, kuma ba ko'ina sabis yake da ƙarfi ba. Waɗannan su ne ke nuna irin tallar da za ta yi aiki.

WhatsApp ne babbar rumfa

Manhajar WhatsApp Business ta fito a watan Janairun 2018, kuma kyauta ce. A 2019 aka ƙara mata wurin jera kaya, inda mai sana'a zai saka hoto da farashi da bayanin kowace haja, ya huta da tura hotuna ɗaya bayan ɗaya. Status kuwa awa 24 yake yi ya ɓace, kuma sai wanda ya adana lambar mai kaya, shi ma mai kayan ya adana tasa, zai gani. Haka saƙon da ake watsa wa mutane da yawa a lokaci guda: iyakarsa mutum 256, kuma wanda bai adana lambar ba ba zai samu ba. Wannan ya sa jarin farko na mai talla shi ne lambobin mutanen da suka san shi.

A 2023 aka fito da Channels, wato tashar da mutum zai riƙa watsa saƙo ga mabiya ba tare da sun ga lambarsa ba. Sannan a watan Yunin 2025 kamfanin Meta ya sanar cewa zai fara saka tallar kuɗi a tsakanin Status, tare da alkawarin cewa hirar mutane ta sirri ba ta ciki. Ma'ana, rumfar da ƙananan 'yan kasuwa suka saba ci su kaɗai, manyan kamfanoni ma za su shigo cikinta.

Murya da gajeren bidiyo sun fi rubutu

TikTok da Reels na Facebook da Instagram sun juya talla zuwa gajeren bidiyo. Wannan ya dace da bakin iyaka. Abokin ciniki daga Segbana ko Malanville wataƙila da Faransanci ya yi makaranta, wani kuma ajami kawai yake karantawa, amma in aka yi magana da Hausa ko Zabarmanci duk za su fahimta. Bidiyon daƙiƙa 20 da ke nuna an buɗe buhu, an ɗebo shinkafa a tafin hannu, an faɗi farashi da wurin ɗauka, ya fi dogon rubutu tasiri.

Gajarta tana da wani amfanin. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100. Mai ƙaramar data ba zai buɗe bidiyo mai nauyi ba, kuma inda sabis yake rawa, bidiyon ma ba zai sauka ba.

Ƙananan masu mabiya

Wani sauyin shi ne yadda masu talla ke karkata ga mutanen da mabiyansu ba su da yawa amma na kusa ne. Ɗan wasan barkwanci mai mabiya miliyan a Kano zai iya sa a san suna, amma mai kallo a Maiduguri ba zai zo Bagudo sayen busasshen kifi ba. Matashin da ke da mabiya dubu biyu, galibinsu daga Illo, Kaoje da Zagga, shi ne zai iya kawo mai saye. Aikin dillali ne a sabuwar riga, don haka ya fi kyau a daidaita a kan la'ada bisa abin da aka sayar, maimakon biyan kuɗi mai yawa tun kafin a ga sakamako.

Kafin a biya kuɗin talla

Facebook yana barin mai talla ya zaɓi gari ko ya dasa alama a taswira ya ƙayyade nisan da tallar za ta kai. Kuskuren da aka fi yi shi ne zaɓar Najeriya gaba ɗaya, sai kuɗin ya ƙare wajen nuna haja ga mutanen da ba za su iya zuwa ba. Mai son masu saye daga ƙetare kuma sai ya saka garuruwan Benin da kansa. Tun farkon 2022 ana ɗora harajin VAT na kashi 7.5 a kan tallar Facebook a Najeriya.

Ga misalin lissafi. In aka kashe naira 10,000, da haraji ta zama 10,750. In mutum 40 suka yi magana, biyar suka saya, kowane mai saye ya ci naira 2,150. In ribar da ake samu a kan kowane ciniki ba ta kai haka ba, an yi asara, ko da mutum dubu sun danna alamar so.

A kula da lamba ma. Ta Najeriya tana farawa da +234, ta Benin da +229, kuma daga 30 ga Nuwamban 2024 lambobin Benin suka koma guda goma, aka ƙara 01 a gaba. Tallar da ke ɗauke da tsohuwar lamba tana iya sa a rasa kira. Farashi kuma a fayyace ko naira ne ko sefa, tunda canji yana motsi.

Doka ta shigo intanet

A 2022 aka kafa hukumar ARCON a madadin APCON, kuma dokarta ta haɗa da tallar intanet da masu tallata kaya ga mabiyansu, inda take buƙatar a tantance talla kafin a fitar. A wannan shekarar ta kai Meta kotu tana neman naira biliyan 30 kan tallace-tallacen da ba a tantance ba. Magani da kayan gyaran jiki kuwa, har da na gargajiya, suna buƙatar izinin NAFDAC kafin a tallata su.

Ga mutanen bakin iyaka akwai ƙarin hatsari. Tun 2016 an hana shigo da shinkafar waje ta iyakokin ƙasa. Wanda ya ɗora bidiyon irin wannan kaya da fuskarsa da lambarsa, ya ajiye wa kansa shaida ne.

Amana ce ke riƙe mai saye

Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tura mutane zuwa OPay, Moniepoint da PalmPay, ya kuma buɗe ƙofa ga masu tura saƙon banki na bogi. Mai kaya kada ya saki haja sai ya buɗe manhajarsa ya ga kuɗi sun shiga. Mai saye kuma ya nemi a kira shi ta bidiyo ya ga kayan, ya duba ko sunan asusun ya yi daidai da na mai tallar.

Hoton da aka ɗauko daga shafin wani, ko aka gyara shi da ƙirƙirarriyar basira ta AI har ya fi kayan kyau, yana iya kawo ciniki sau ɗaya. Amma a yankin da kowa ya san gidan kowa, saƙon murya ɗaya na ƙorafi a zauren WhatsApp na gari ya isa ya rufe rumfa. Matashin da zai fara yau ya buɗe WhatsApp Business, ya jera kaya biyar da hotunansu na gaskiya da farashi, ya riƙa rubuta inda kowane mai saye ya ji labarinsa. Bayan wata guda, wannan littafin zai nuna masa inda ya dace ya zuba kuɗinsa.