Samari Da Wayar Salula: Darasin Da Mubi Ta Koya

Mutanen Mubi sun san yadda gari yake zama in babu wayar salula. Ran 14 ga watan Mayu, 2013, Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Adamawa da Borno da Yobe, ba a jima ba kuwa aka katse layukan waya, sai cikin watan Yuli aka maido da su a Adamawa. Wancan shirun na dole ne, ya kuwa zo da fargaba, domin ɗalibi ba ya jin muryar iyayensa, dillalin kasuwar shanu ba ya jin abokin cinikinsa.

Akwai kuma shirun da mutum yake nema da kansa. A unguwar Buruklin ta birnin Niyok, a Amurka, waɗansu 'yan makarantar sakandare sun kafa ƙungiyar da labarinta ya bazu a 2022, watau Luddite Club. Sun ajiye manyan wayoyinsu, suka koma ga ƙanana, suna taruwa ran Lahadi a lambu domin karatu da zane da hira. Ƙasar Ostareliya ma ta yi doka a 2024 wadda ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a dandalin sada zumunta.

To, wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Saurayin da ya shiga i'itikafi a goman ƙarshe na azumi yakan bar harkokin duniya a ƙofar masallaci, makarantun kwana da dama kuma sun haramta wa ɗalibai riƙe waya. Dalilin ɗaya ne: wanda ya raba dare yana latse-latse, barcinsa da karatunsa da sallar asuba su ke biyan bashin.

Amma fa iyaye a Mubi suna da uzuri in sun ƙi raba yaro da waya. Lokacin da 'yan Boko Haram suka kama garin a watan Oktoba, 2014, jama'a suka watse, waɗansu har Kamaru, ta waya iyalai da yawa suka gano juna.

Mafita ita ce tsaka-tsaki. Ƙaramar waya mai tocila ta isa a kira gida, babbar kuwa a sa mata lokaci, ta kwana nesa da shimfiɗa. Sai dai uban da ba ya ajiye tasa, da wuya ɗansa ya saurare shi. Ice dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.