Tsayin Ƙananan Haruffa a Fasahar Ɗab'i

Mai karatu, ɗauki biro ka rubuta sunayen garuruwan nan uku: Zurmi, Shinkafi, Ƙaura Namoda. Za ka ga u, r da m na Zurmi kansu ɗaya, alhali h, k da f na Shinkafi sun miƙa wuya sun zarce 'yan'uwansu. Tazarar da ke tsakanin layin da haruffa ke zama a kai da saman gajerun haruffan nan ita ce masana ɗab'i ke kira tsayin x. Sun zaɓi harafin x ne ya zama ma'auni domin samansa da ƙasansa a baje suke, ba kamar o ba, wanda akan bari ya ɗan zarce layin don kada ido ya gan shi ƙarami.

Ana auna girman rubutu da poyin, wato kashi 1 cikin 72 na inci. Amma rubutu iri biyu masu poyin 12 na iya bambanta a ido. Garamond yana da gajeren tsayin x da dogon wuya. Verdana kuwa, wanda Matthew Carter ya zana wa Microsoft aka fitar a 1996, cikinsa babba ne, saboda haka yana karantuwa ko da an ƙanƙanta shi.

To, ina ruwan Bahaushe da wannan? A shekarun 1930 ne, zamanin Rupert East a Zariya, aka karɓi haruffa masu ƙugiya, wato ɓ, ɗ da ƙ, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta yaɗa su daga 1939. Ƙugiyar nan a saman wuyan harafi take zaune. Idan tsayin x ya yi yawa, wuya zai gajarce, ƙugiya ta rasa wurin lanƙwasa. Da tawada ta ɗan malala a takarda, sai baƙi ya koma baki, ƙafa ta zama kafa.

Don haka duk mai buga littafin firamare ko takardar bayanin magani da Hausa ya kamata ya gwada rubutun kafin ya kai maɗaba'a. Ya buga baki da baƙi kusa da juna a poyin 10, ya miƙa wa ɗan aji uku. In yaron ya bambance su ba tare da inda-inda ba, rubutun ya dace da harshenmu.