Shin Ko Kun San? Masu Buɗewa da Toshewa a Cikin Ɓargo

Shin ko kun san cewa a kowace daƙiƙa ɓargon ƙashin baligi yana ƙera jajayen ƙwayoyin jini kusan miliyan 2? Dole ya yi, domin kowace ƙwaya kwana 120 take yi ta mutu.

Ko kun san cewa jajayen ƙwayoyi, da farare masu yaƙi da cuta, da masu tsayar da jini in an yanke, duk uwa ɗaya ce ta haife su, gadonsu kuma iri ɗaya? Abin da ya raba su wasu furotin ne da ke hawa kan ƙwayoyin gado, su kunna wannan su kashe wancan, kamar yadda mai ban-ruwa a fadamar Haɗejiya ke buɗe wa wannan fangali ruwa ya toshe wa wancan. In GATA1 ya rinjaya, ƙwaya ta zama ja, in PU.1 ne, ta zama fara. RUNX1 kuwa, in babu shi uwar ma ba ta samuwa, kuma lalacewarsa na haddasa sankarar jini.

To, ga wanda ya fi shafar mu mutanen Malam Madori da sauran garuruwan fadama, inda sauro ba ya hutu. Shin ko kun san akwai ciwon dajin yara da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da zazzaɓin cizon sauro? A 1958 likita Denis Burkitt ya bayyana shi a Yuganda: kumburi a muƙamuƙin yaro ko a cikinsa. Da aka bi sawun cutar a Afirka, sai aka ga inda maleriya ta yi katutu, a nan ne ita ma ta fi yawa. Zazzaɓi a kai a kai, haɗe da ƙwayar cutar Epstein-Barr da aka gano a 1964, yana tilasta wa fararen ƙwayoyi hayayyafa babu ƙaƙƙautawa. A cikin wannan gaggawa sai ƙwayar gadon furotin MYC, mai ba da izinin girma, ta ɓalle daga mazauninta ta maƙale a wurin da kullum a kunne yake. Daga nan babu mai tsawata mata: ƙarin na iya ninka kansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma, cikin ikon Allah, wannan saurin ne ya sa yake jin magani. Farfesa Victor Ngu, wanda ya yi jinyar irin yaran nan a Ibadan, yana cikin waɗanda suka karɓi kyautar Lasker a 1972.

Ko kun san dalilin da ya sa jariri mai sikila ba ya nuna alama sai ya kai kamar wata shida? Jinin da ya fito da shi daga ciki ba ya lanƙwashewa. Furotin BCL11A ne ke kashe wannan jinin jarirantaka bayan haihuwa, kamar yadda aka tabbatar a Boston a 2008. Maganin Casgevy, da Ingila da Amurka suka amince da shi a 2023, wannan furotin yake raunanawa don jinin jarirantaka ya dawo. Kuɗinsa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne, alhali Nijeriya ce ke haifar jarirai masu sikila kusan 150,000 a shekara; wannan abin takaici ne. Mai sauƙin kuɗi shi ne haidroksiyuriya, wanda shi ma yake ƙara jinin jarirantaka, kuma an gwada shi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano don kare yara daga shanyewar ɓarin jiki.

Iyaye, in kuka ga muƙamuƙin yaro ko cikinsa na ƙara kumbura cikin 'yan kwanaki, haƙora na girgiɗi, kada ku ce hangum ne ko ciwon haƙori, kada a tsaya wajen wanzami. Ku garzaya asibiti a ranar, kuma kowane yaro ya kwana cikin gidan sauro.