Yadda Za A Shirya Wa Ɗan Aku Keji

A ƙauyukan Kura da Bunkure, daga ƙarshen damina zuwa cikin rani, yara sukan shigo gida da 'ya'yan tsirya ko na ƙaramin akun nan kore mai rawayan ciki. Wani an ciro shi daga kogon kuka ko ɗorawa, wani kuwa itacen aka sare ya faɗo. Da yawansu ba su daɗe a hannu ba sai su mutu, kuma sau tari laifin wurin da aka ajiye su ne.

Tun farko bari mu faɗi ra'ayinmu. Ba mu goyon bayan a ciro ɗan tsuntsu daga sheƙa, gama uwarsa ta fi kowa iya renonsa. Babban aku mai ruwan toka da jar wutsiya kuwa, wanda ake kawowa daga dazuzzukan kudu, kada ku saya. Najeriya ta kafa dokar kare namun daji masu ƙarewa a 1985, kuma a 2016 taron ƙasashen duniya na yarjejeniyar CITES ya hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Amma in ɗan tsuntsu ya riga ya zo hannunku, babu halin mayar da shi, to sai a yi masa abin da ya kamata.

Wanda gashinsa bai gama fitowa ba, bai isa shiga keji ba tukuna. A kogo aka ƙyanƙyashe shi, wurin duhu da ɗumi. Ku sami kwali ko ƙwarya mai zurfi, ku huda 'yan ramuka don iska, ku shimfiɗa tsumma mai tsabta wanda zarensa bai warware ba, gama zare yakan naɗe yatsa har ya tsinke ta. Kada ƙasan ya zama da santsi. Ƙafafun za su baje, ya tashi gurgu. Yana bukatar ɗumi wajen digiri 30. A daren hunturu, watau Disamba da Janairu, ku cika kwalba da ruwan ɗumi, ku naɗe ta da tsumma, ku ajiye a gefe guda, domin in zafi ya dame shi ya matsa. Idan kun ga yana haki, zafi ya yi yawa. Idan ya takure yana rawar jiki, sanyi ne. Kada a kanga masa kaskon wuta ko fitilar kananzir. Hayaƙin da mutum zai jure yana iya kashe tsuntsu, haka kuma maganin sauro na kunnawa.

Sa'ad da gashi ya rufe jikinsa, ya fara hawan bakin kwalin, lokacin keji ya yi. Kejin kara irin na kanari ba zai yi ba, aku zai tauna shi ya fita. Na ƙarfe ake so, tsawo da faɗi da bisa kowanne kamar ƙafa 2, yadda zai buɗe fikafikai ba tare da sun taɓa gefe ba. Faɗi ya fi bisa amfani. Tsakanin sanda da sanda kada ya wuce rabin inci, don kada ya cusa kai ya maƙale. Ƙofa a sa mata sakata mai ƙarfi daga waje, gama wannan tsuntsu da wayo yake.

Ga inda maƙera da masu walda sukan yi kuskure ba da sani ba. Wayar kaji mai ƙyalli an shafe ta da sinadarin zinki, irin na kwanon rufi. Aku da bakinsa yake hawa, yana lasa yana gwaguya, sannu a hankali zinkin ya zame masa guba. Tsohon fenti kuma yakan ƙunshi dalma. In babu wata waya sai wannan, a goge ta sosai da buroshi da ruwan tsami na binega, a kankare ɗigon da ya daskare, a ɗauraye, a shanya. Wannan yana rage haɗarin, amma bai kawar da shi duka ba. A lanƙwashe kowane tsinin waya.

Sandar tsayawa a sa ta ƙasa ƙasa da farko, kamar inci 2 daga daɓe, a riƙa ɗagawa yayin da ƙafarsa ke ƙarfi. Reshen gwaiba ko na dogon yaro mai kaurin yatsa ya isa. Sai dai a nan dole mu tuna inda muke zaune. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwa ya sauko ta Kadawa, ƙasarmu ta zama ta shinkafa da alkama da tumatir, feshi kuma ba ya yankewa rani da damina. Reshen da aka yanko daga bakin gonar tumatir kada ya shiga keji. Gwangwanin maganin feshi, ko an wanke shi sau goma, ba mazubin ruwa ba ne. Irin shuka da aka gauraya da jan magani ba abinci ba ne. Ruwan sha a ɗebo na rijiya ko na burtsatse, a bar na kwata. Mazubin ya zama marar zurfi, don ƙaramin tsuntsu yakan faɗa ciki ya nutse.

A rataye kejin a inuwa, gefe ɗaya jikin bango, inda kyanwa da ɓera da maciji ba za su kai ba. A shafa ɗan man girki a igiyar saboda cinnaka, can sama inda bakinsa ba ya kaiwa. A watan Afrilu, da zafi ke kai digiri 40, kada a bar shi dab da rufin kwano. A nisanta shi da madafa da rumbun taki, da kuma akurkin kaji. Murar tsuntsaye da ta ɓulla a Jihar Kaduna a 2006 ta iso har gonakin kaji na Kano, kuma ta sake dawowa bayan haka.

Kowace safiya a canza takardar ƙasan keji, a yayyafa ruwa kafin a share don kada a shaƙi ƙurar kashin, gama akwai ciwon huhu da mutum ke ɗauka daga aku. Yaron da ke kula da shi ya wanke hannu da sabulu. In tsuntsun ya kumbura gashi, ya ƙi ci yini guda, a kai shi wurin malamin dabbobi na ƙaramar hukuma a ranar, kada a jira gobe.