Ƙarfen Matse Hannu: Samari, Ku Ji Tausayin Hannun da Kuke Ci da Shi

Duk wanda yake zama teburin mai shayi bayan sallar isha'i a Gwiwa, ko Roni, ko bakin tasha a Kazaure, ya san ƙarar nan: ƙyas, ƙyas, ƙyas. Wani ɗan ƙarfe ne mai mariƙi biyu da sifirin a tsakani, ana sayo shi daga Kano ko ta intanet. A jikinsa an rubuta kilo 5 zuwa 60, da ɗan maɓallin da ake murɗawa a ƙara masa tauri, wani ma har da lambar da ke ƙirga sau nawa aka matsa. Bidiyoyin TikTok ne suka tallata shi, inda ake nuna damtse siriri yau, bayan wata guda a nuno shi jijiyoyi sun yi ruɗu-ruɗu. Shi ke nan samari suka ɗauka. Ana hira ana matsawa, ana kallon ƙwallo ana matsawa, har a bayan babur.

Ni ba na ƙin motsa jiki, kuma ƙarfen ba shi da laifi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da na ga ya sami wani yaro a unguwarmu, wanda ba zan kama sunansa ba.

Yaron nan bai wuce shekara 20 ba. Da damina, da asuba yana gonar mahaifinsa da fartanya har hantsi ya dubi ludayi. Da rana ya hau babur ya yi acaɓa, hannun hagu yana jan kuloci, na dama yana murɗa totur da kama birki. Duk wannan aikin riƙo ne. Hannun da ya wuni a haka, da dare hutu yake nema. Shi kuwa sai ya zauna a majalisa ya murɗe ƙarfen nan har ƙarshe, a shiga gasa da abokai a ga wanda lambarsa za ta fi yawa kafin a tashi. Kullum, babu fashi.

Ciwon ya fara masa ne a ɗan ƙashin nan da ya turo ta cikin gwiwar hannu. Da na ga yana yawan shafa wurin na tambaye shi, sai ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai ciwon shi ne alamar abin yana aiki. In ba ka ji zafi ba, ba ka yi komai ba." Ina ya samo wannan karatu? A waya. Maimakon ya ajiye ƙarfen, sai ya nufi kemis ya ce a haɗa masa maganin ciwon jiki. Aka ƙullo masa ƙwayoyi kala-kala a leda, babu kwali, babu suna. Ya sha, zafi ya lafa, ya koma majalisa ya ɗora daga inda ya tsaya.

Kafin a kai ga maimai, na gan shi ya tallabo kofin shayi da hannu biyu. Buta cike da ruwa in ya ɗaga sai ya yamutsa fuska. Fartanya ta gagara, mahaifinsa ya nemi 'yan ƙwadago ya biya su, babur kuma aka ba wani yana kawo balas. Saurayi mai jini a jika ya zauna a inuwa a lokacin da gida ya fi bukatar hannunsa, duk don jijiya ta fito a ɗauki hoto. Wannan wane irin ciniki ne?

Ga abin da ke faruwa a ciki. Manyan tsokokin da ke dunƙule yatsu suna cikin damtse ne, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Daga nan jijiyoyin tsoka suke miƙewa har kan yatsu. Guda 9 daga cikinsu suna bi ta wata 'yar matsattsiyar kafa a wuyan hannu, tare da jijiyar da ke kai saƙon ji zuwa babban yatsa, da manuniya, da na tsakiya, da rabin na kusa da ƙarami. Duk matsawa ɗaya, jijiyoyin nan suna kai da komo a cikin kafar, kamar yadda igiyar guga take gugar bakin rijiya. In aka yi ta ja ba hutu, ko igiya ta ci ko bakin rijiya ya ci. Idan wurin ya kumbura, jijiyar ji ta matsu, yatsu su riƙa sagewa, musamman cikin dare. Ta sama kuma, da yawa daga tsokokin nan a jikin ɗan ƙashin gwiwar hannu suke manne, shi ya sa ciwo yakan fara daga nan. Tsoka tana saurin ƙarfi saboda jini yana isa gare ta sosai. Jijiyar tsoka ba haka take ba, a hankali take sabawa da nauyi, a hankali kuma take warkewa. Irin wannan ciwon gwiwar hannu yakan ɗauki wata 6, wani ma ya kai shekara 2 bai rabu da shi ba.

Jijiyoyin da ake ta hanƙoron su fito kuwa na jini ne, kuma fitowarsu ta fi dogara da ƙarancin kitse a jiki, da gado, da zafin gari. Suna tasowa bayan an matsa, an jima su kwanta. Dubi hannun maƙeri ko ɗan garuwa mai ɗaukar jarka biyu, ko na matar da ta wuni da taɓarya. Wanne cikinsu ya sayi ƙarfe?

Wasu masu ɗan karatu sukan kawo hujja da binciken da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2015. Gaskiya ne, an auna mutum kusan 140,000 a ƙasashe 17, aka ga duk raguwar kilo 5 a ƙarfin riƙo tana tafiya da ƙarin haɗarin mutuwa na kashi 16 cikin 100. Amma ƙarfin riƙo a wannan bincike alama ce ta lafiyar jiki baki ɗaya. Ba a ce wanda ya wuni yana matsa sifirin ya ƙara wa zuciyarsa lafiya ba. Su kansu waɗanda suka mayar da abin wasan gasa ba haka suke yi ba. Kamfanin IronMind na Amurka yana ƙera masu tsananin tauri da ake kira Captains of Crush. Mai lamba 3 ana ƙiyasta shi da kilo 127, kuma Richard Sorin ne aka fara tabbatar wa ya rufe shi a 1991. Mai lamba 4, kusan kilo 166, sai a 1998 Joe Kinney ya rufe shi, kuma har yau waɗanda suka iya ba su taka kara sun karya ba wajen yawa. Masu wannan wasa shekaru suke ɗauka suna hawa mataki-mataki, matsawa kaɗan, hutu mai yawa. Yaronmu yana so ya cim musu kafin kaka.

Wanda duk da haka yake son yi, to ya yi da hankali. Kwana 2 ko 3 a mako sun isa, da fashin kwana a tsakani. A fara da buɗe yatsu da dunƙule su, da juya wuyan hannu, har ya yi ɗumi. A saita taurin inda za a iya rufewa sau 10 zuwa 12 ba tare da murɗe jiki ko lanƙwasa wuyan hannu ba, a yi zagaye 2 ko 3 a kowane hannu, a ajiye. Sai a zura yatsu cikin robar ɗaure kuɗi a riƙa buɗe su, don tsokokin bayan damtse su ma su samu rabonsu. Kada a riƙe numfashi ana matsawa, domin hakan yana sa jini ya hau nan take. Dattijo mai hawan jini kada ya karɓi na ɗansa ya gwada ƙarfi sai ya tambayi likita. Lokacin noma da girbi, ko ranar da aka wuni ana ɗaukar bulo, ƙarfen ya zauna a aljihun jaka. Hannun ya riga ya yi nasa.

Sai in dawo kan ƙwaya, don ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Gajiyar tsoka daban, takan bi damtse gaba ɗaya ta wuce cikin kwana biyu. Zafin da ya tsaya wuri guda kamar an soka tsinke, a gwiwar hannu ko wuyan hannu ko gindin yatsa, wannan kashedi ne. In ka danne shi da ƙwaya ka ci gaba, raunin yana nan yana ƙaruwa, kai ne kawai ka daina ji. Kuma magungunan da aka fi zubawa a irin wannan haɗi, su diclofenac da ibuprofen da piroxicam, duk dangi ɗaya ne. Haɗa biyu ko uku a lokaci guda ba ya ninka sauƙi, illa yake ninkawa: suna cin bangon ciki har su kawo olsa da zubar jini, suna kuma taɓa ƙoda, balle ga wanda ya wuni a rana yana zufa bai sha isasshen ruwa ba, ya kuma haɗiye su cikinsa babu komai. Tramadol ba sai na faɗa ba, mun ga yadda ta mayar da 'ya'yan mutane. Masu kemis, ku ji tsoron Allah. Yaro ya zo muku da ciwon gwiwar hannu sau uku a mako, ba za ku tambaye shi me yake yi da hannun ba? Iyaye kuma, kuna jin ƙyas-ƙyas daga ɗakin samari har tsakar dare, kuna ganin ledar magani a kan taga, amma ba mai tankawa sai an rasa mai riƙe fartanya.

In zafin ya taso, a ajiye ƙarfen gaba ɗaya, a rage aikin da ke tayar da shi, a riƙa ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tsumma na kamar minti 15. Ba karaya ba ce, ba gocewar ƙashi ba ce, don haka kada a kai wa maɗori ya ja, kada a sa wanzami ya yi tsaga. Idan an yi mako biyu babu sauƙi, ko yatsu suna sagewa har su tashi mutum daga barci, ko yatsa yana maƙalewa a lanƙwashe sai an miƙe shi da ɗaya hannun, ko abu yana suɓucewa daga hannu, a je asibiti. Babban asibitin Kazaure bai yi nisa ba, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura mutum Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Hannun da ya mutu farat ɗaya kuwa, tare da karkacewar baki ko sarƙewar magana, wannan ba aikin ƙarfe ba ne, alamar shanyewar ɓarin jiki ce, a garzaya a lokacin.

In za a je, a tafi da ƙarfen da ragowar ƙwayoyin da aka sha, a kuma faɗa wa likita gaskiyar sau nawa ake matsawa a rana da irin aikin da hannun yake yi.