Yariman da Ya Bar Gadon Sarauta Ya Rungumi Tsirkiya

Mai karatu, da kai ne ɗan sarki mai shekara 14, aka wayi gari an tuɓe mahaifinka an jefa shi kurkuku, me za ka yi? Abin da ya faɗa wa Zhu Zaiyu ke nan a ƙasar Sin a 1550. Mahaifinsa, sarkin Zheng a lardin Henan, ya taɓa yi wa babban sarki Jiajing nasiha mai ɗaci, wani ɗan'uwansu kuwa ya ga ƙofa ta buɗe, ya kai ƙararsa. Yaron ya fice daga fada, ya gina ɗakin ƙasa a bakin ƙofa, yana kwana kan ciyawa. Sai a 1567 aka saki uban. To, me ya cika masa waɗannan shekaru?

Lissafi da ilimin kiɗa. A cikinsu kuwa akwai wata tsohuwar matsala da ta gagari malamai.

Kaɗa tsirkiya ka saurara. Yanzu danne ta a tsakiya daidai, ka sake kaɗawa. Rabin nan yana karkarwa sau biyu a lokacin da cikakkiyar ke yin ɗaya, sai ka ji muryar farko ce ta dawo a sirance, kamar mace da namiji na rera waƙa ɗaya. In kuma ka bar kashi biyu cikin uku, karkarwa uku ke tafiya da biyu, muryoyin na yawan haɗuwa, kunne ya ji daɗi. Da wannan ma'auni na biyu magabata suka gina matakan kiɗa 12, suna rage sulusin tsirkiya, suna ƙara sulusi. A ƙa'ida, bayan mataki na 12 a dawo inda aka fara. Ina! Ba a dawowa.

Hawa 12 da ma'aunin uku bisa biyu yana kai ka wajen 129.7, alhali ninki biyu sau 7 yana tsayawa a 128. Giɓin ƙarami ne, amma kunne ba ya yafe shi. Tun kafin haihuwar Annabi Isa, malam Jing Fang ya ja matakan har 60, ƙofar ba ta rufu ba. Da kai ne, za ka ce magabata sun yi kuskure?

Zhu Zaiyu ya yi abin da ya fi haka ƙarfin hali. Ya haƙura da cikakken tsarkin ma'aunin, ya raba giɓin ga matakan 12 kowa ya ɗauki kaɗan. Abin da yake nema lamba ce guda, wadda in ka jera ta sau 12 kana ninkawa za ta ba ka 2 cif. Babu kwamfuta, babu na'ura. Ya haɗa katafaren allon lissafi mai layi 81, yana tura ƙwallaye da yatsa ɗaya bayan ɗaya, har ta fito: 1.059463, da wutsiyarta ta lambobi sama da 20 bayan ɗigo. Uku bisa biyu ya ragu daga 1.5 zuwa 1.498, ragin da da ƙyar kunne ke kamawa. A 1584 ya bayyana hanyar a littafinsa. Ka ce daga nan sai ɗaukaka, ko?

Tsaya tukuna. Mahaifinsa ya rasu a 1591, sarauta ta zo masa har gida. Sau bakwai yana rubuta wa fadar babban sarki cewa ba ya so, sai a 1606 aka amince. Wa ya bar wa gadon? Gidan nan da ƙarar mahaifinsa ta fito! Kai, za ka iya?

Littattafansa kuwa, fada ta karɓa ta ajiye, ba a yi aiki da su ba. Daga baya ma babban sarki Qianlong ya yi musu raddi. A Turai, Simon Stevin na ƙasar Holan ya gano wannan dabara a zamani ɗaya, amma lambobinsa ba su kai na yariman daidaito ba. Duk da haka a can ta yi rassa, yau da ita ake saita fiyano, da ita ake auna tazarar ƙarafan da ke wuyan jita.

Masu fada sun ji tsoron a ce sun saɓa wa magabata, suka rufe ido da amsar na hannunsu. Mai karatu, da kai ne aka miƙa wa littafin nan, ka buɗe shi ko ka bi ayari?