Amfani da Ƙagaggen Labari na Tarihi Wajen Koyar da Batun Wariya da 'Yanci: Misalin Shaihu Umar

Wannan takarda za ta duba yadda za a karanta littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa a nan Libreville, a matsayin ƙofar shiga batun wariya da 'yancin ɗan Adam. Dalilin zaɓar ƙagaggen labari a fili yake. Littafin tarihi yakan kawo shekara da doka, amma ƙagaggen labari yakan ba bawa suna da uwa da gari, har mai karatu ya ji abin a jikinsa.

Sunan garin nan kansa darasi ne. Ma'anar Libreville ita ce garin 'yantattu. A 1846 sojojin ruwan Faransa suka kama wani jirgin fataucin bayi mai suna Elizia, a 1849 kuma aka zaunar da wasu daga cikin mutanen da aka kuɓutar a wannan gaɓa. Sai dai 'yancin bai kai ga daidaito ba. A zamanin mulkin mallaka Faransa ta raba mutane gida biyu, wato cikakkun 'yan ƙasa da talakawan mallaka, waɗanda jami'i ke iya ɗaurewa ba tare da shari'a ba. Sai a 1946 aka soke wannan tsari da aikin tilas.

To, ina Shaihu Umar ya shigo? An buga shi a 1934, bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya. Tauraron labarin, Umar, an sace shi yana yaro, daga baya wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya tsallake hamada da shi, ya riƙe shi tamkar ɗa, har ya zama malami. Mahaifiyarsa kuwa, da ta fita nemansa, ita ma sai ta faɗa cikin bauta, ta ƙare a Tarabulus. Sun sadu, amma ba ta daɗe ba ta rasu. A ganina, nan ne zuciyar littafin take, ba a ɗaukakar Umar ba. Ɗalibin da ya bi Umar kaɗai zai fita da tunanin cewa bauta ƙaddara ce mai iya zama alheri in an dace da ubangida nagari. Wanda ya bi uwar zai ga ɗiya ta koma haja a hannun fatake.

Don haka ya kamata ku tuhumi littafin, kada ku tsaya ga jin daɗinsa. Wa ake kai wa harin bayi a farkon labarin, kuma da wace hujja? A can baƙi ne ke kama baƙi, ma'aunin kuwa addini ne da ƙabila da ƙarfin yaƙi. A ƙarƙashin Faransa ma'aunin ya koma asali da launin fata. Kada a cakuɗa su. Ku lura kuma da kalmomi: bawa, kuyanga, ɗa, ɗiya, bacucane. Abin lura, a Hausa kalmar 'yanci daga 'ya'ya ta fito, wato kasancewa ɗa, ba bawa ba.

Akwai kuma batun lokaci. Ba a haramta bauta baki ɗaya a Arewacin Nijeriya ba sai a 1936, shekara biyu bayan fitowar littafin. Ke nan cikin masu karatunsa na farko akwai 'ya'yan iyayengiji da 'ya'yan bayi. Ku rubuta shafi ɗaya kan yadda kowannensu zai karanta mutuwar mahaifiyar Umar.